Tukuicin Dole a Jiragen Ruwan Shaƙatawa: Mai Ƙaramin Ɗaki Ke Ɗaukar Nauyi

A shekarar 2024 mutane miliyan 34.6 ne suka hau jiragen ruwan shaƙatawa a duniya, bisa alƙaluman CLIA, ƙungiyar kamfanonin da ke wannan harka. Jiragen nan otal-otal ne masu tafiya a kan teku. Mutum ya kwana a ciki mako guda ko fiye, jirgi ya tsaya a wata tasha da rana, ya ci gaba da tafiya da dare, a ƙarshe ya dawo da shi inda ya ɗauke shi. Cibiyar kasuwar ita ce Miami da sauran tashoshin jihar Florida a Amurka, sai Bahar Rum, amma harkar ta fara matsowa kan hanyoyin da mutanenmu suka saba bi. Akwai jiragen da ke tashi daga Dubai da Durban, kuma a Disamban 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata kamfanin mai suna Aroya daga Jidda. Wanda zai sayi tikiti, abin da ake fara sa masa a gaba shi ne zaɓen ɗaki, da hotuna masu ɗaukar ido. Abin da ba a cika nuna masa da wuri ba shi ne tukuicin da za a riƙa rubuta masa kullum. Ra'ayina shi ne wannan kuɗi albashin ma'aikata ne da aka zare daga farashin ɗaki aka sa masa sunan kyauta, kuma yadda aka tsara shi ya fi danne wanda ya sayi ɗaki mafi araha. Wurinsa na gaskiya yana cikin kuɗin tikiti.

Kafin a gane inda gizo ke saƙar, sai an san ɗakunan. Kamfanoni na son yawaita sunaye, har jirgin Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, ya fito da nau'in ɗaki 28. Amma in an tattara, iri huɗu ne. Akwai ɗakin ciki marar taga, mai faɗin murabba'in mita 14 zuwa 17 a yawancin jirage. Akwai mai taga, wadda ba ta buɗuwa, haske kawai take shigo da shi. Akwai mai baranda, inda ƙofar gilashi ke kai mutum ga ɗan fili mai kujeru biyu da ƙaramin tebur a saman ruwa. Sai ɗakin alfarma, mai falo da babban banɗaki. Abin lura shi ne tsakanin ukun farko bambancin bai wuce haske da iska ba. Gado iri ɗaya ne, guda biyu da ake haɗewa su zama ɗaya. Banɗakin ɗan ƙarami ne mai shawa, ga talabijin, ga akwatin ajiyar kuɗi, ga na'urar sanyaya ɗaki. Mai ɗakin ciki da mai baranda a zaure ɗaya suke cin abinci, wasa ɗaya suke kallo da dare, a wurin ninƙaya ɗaya suke cunkushewa da rana, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke gyara musu ɗaki, domin ƙofofinsu na kallon juna a lungu ɗaya.

Wannan ba ya nufin taga ba ta da daraja. Ɗakin ciki in an kashe fitila duhu ne ƙirin dare da rana, kuma ga Musulmi wannan matsala ce ta zahiri, tunda ba zai ga ketowar alfijir ko faɗuwar rana ba sai ya dogara da agogo, a jirgin da ke iya ƙetare layin lokaci cikin dare, alƙibla kuma tana juyawa duk sanda jirgin ya karkata. Kamfanonin ma sun san duhun na damun mutane. Disney ta sa wa ɗakunan ciki na jirgin Disney Dream tagar bogi a 2011, allo ne zagayayye da ke nuna hoton teku kai tsaye daga kyamara, sannan Royal Caribbean ta biyo baya a 2014 da dogon allo mai kwaikwayon baranda. Ita baranda ta gaske, amfaninta ya danganta da hanya. A gaɓar Alaska ko mashigin ruwan Nowe, inda duwatsu da ƙanƙara ke wucewa ta gefen jirgi awa da awanni, kuɗinta bai tafi a banza ba. A Bahar Rum kuwa, inda ake sauka gari tun safe a dawo da yamma a gajiye, da yawa sun biya kuɗin barandar da tawul ɗinsu ya fi su zama a kai. Kuma tsada ba ita ce kwanciyar hankali ba: ɗakunan hawa na sama sun fi kuɗi, amma sun fi girgiza in teku ta tashi. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya fi samun sauƙi a hawa na ƙasa, tsakiyar jirgi, inda ɗakuna masu araha suke.

Inda bambanci na gaske ya fara shi ne ƙofar ɗakin alfarma, kuma abin da ake sayarwa a can ya wuce faɗin ɗaki. Jiragen fasinja na da, irin su Titanic a 1912, sun raba mutane aji uku, kowane aji da zaurensa da matattakalarsa. Kamfanonin Miami da suka taso a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, wato Norwegian da Royal Caribbean da Carnival, sun gina kasuwarsu a kan rushe wannan katanga, kowa da kowa jirgi ɗaya. Yanzu katangar ta dawo da sabon fenti. MSC ta buɗe sashen Yacht Club a 2008, Norwegian na da The Haven, Celebrity na da The Retreat, ita kuwa Cunard ta Ingila dama ba ta taɓa daina haɗa matsayin ɗaki da zauren cin abinci ba. Waɗannan sassa ne da ba a shiga sai da kati na musamman, da gidan abincinsu, da wurin ninƙayarsu, da hadimi mai kwance wa baƙo kaya ya kawo masa shayi, da ƙofar shiga jirgi wadda ba a bin layi. A Icon of the Seas akwai gida mai hawa uku a cikin jirgin, wanda kuɗinsa na mako kan haura dala 50,000. Ban ga laifin wannan ba. Mai kuɗi ya sayi abin da kuɗinsa ya kai, kuma an faɗa masa farashi tun farko.

Tukuici shi ne ba a faɗa da babbar murya. Manyan kamfanonin Amurka na rubuta wa kowane fasinja wani adadi a kowace rana kai tsaye a lissafin ɗakinsa, ko ya tuna ko bai tuna ba. Daga Nuwamban 2024 Royal Caribbean ta sa dala 18.50 ga mai ɗaki na gama-gari, dala 21 ga mai ɗakin alfarma. Carnival ta sa dala 16 da 18 a Afrilun 2023. Norwegian ta sa dala 20 da 25 daga Janairun 2023. Adadin na hawa kusan duk shekara ɗaya ko biyu, don haka mai niyyar tafiya ya duba na ranar. Ban da wannan, duk lemon kwalba ko kofin da aka saya, da gyaran gashi ko tausa, ana ɗora musu kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari daban. Kuɗin kullum ɗin a kan kai ake lissafa shi, ba a kan ɗaki ba, kuma yara ma suna ciki, in ban da jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu ko uku a wasu kamfanoni.

A ɗan yi lissafi. A ce mutum ya sami ɗakin ciki a kan dala 100 kowane dare, wani kuma ya kama ɗakin alfarma a kan dala 1,000. Da adadin Royal Caribbean, na farko an ƙara masa kashi 18.5 cikin ɗari a kan kuɗin ɗakinsa, na biyu kashi 2.1. Kuɗin ɗaki ya ninka sau goma, tukuici ya ƙaru da dala biyu da rabi. A matakin ƙoli na ɗakunan alfarma na wannan kamfani, wanda suke kira Star Class, tukuicin ma yana cikin farashi, ba a sake rubuta wa baƙo komai. Abin ya fi tsanani ga mai iyali. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu da suka matsu a ɗakin ciki guda, yaran na kwana a gadon da ake saukowa da shi daga silin, za su biya dala 518 a tafiyar dare bakwai. Sau da yawa talla ce ta jawo su, wadda ta ce fasinja na uku da na huɗu rabin kuɗi ne ko ma kyauta. Rangwamen ya tsaya a kuɗin gado, tukuici cikakke ne a kan kowane kai. Ga masu yawan iyali irin namu, wannan shi ne layin da ke rusa kasafin tafiya.

Za a ce, ai daidai ne adadin ya zama kusan ɗaya, tunda aikin da ake yi wa mai ɗakin ciki da mai baranda ɗaya ne. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Faranti ɗaya ake wanke wa kowa, zanin gado ɗaya ake canzawa. Amma duk wanda ya kawo wannan hujja ya riga ya amince cewa kuɗin na aiki ne da ake auna shi da yawan wahala, wato lada, kuma lada haƙƙi ne a wuyan wanda ya ɗauki ma'aikaci. Man da jirgi ke sha ma ɗaya ne ga kowa, albashin kyaftin ma haka, amma babu wanda ke turo wa fasinja takardarsu daban da sunan kyauta. Ɗaya rabin kuma bai tsaya da ƙafarsa ba, domin hidimar da ake yi wa sashen alfarma ta fi ta sauran nesa ba kusa ba. A farkon 2023, daidai lokacin da Norwegian ta ɗaga tukuicin ɗakunan gama-gari daga dala 16 zuwa 20, ta kuma rage gyaran waɗannan ɗakuna daga sau biyu a rana zuwa sau ɗaya, ta bar sau biyun ga ɗakunan alfarma. Carnival da Royal Caribbean ma sun koma gyara sau ɗaya a ɗakunan gama-gari bayan annobar korona. A Norwegian kuɗi ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, zuwan mai gyaran ɗaki ya ragu da rabi. Gaskiya ne baƙon The Haven kan ba hadiminsa wani abu a hannu, domin kamfanin ya ce hadimai ba sa cikin rabon kuɗin kullum, amma wannan da son ransa yake yi, shi ke yanke adadin.

Tsarin bai faro haka ba. A da, daren ƙarshe na tafiya fasinja kan sa tsabar kuɗi a ambulan ya miƙa wa mai gyaran ɗakinsa, da mai kawo masa abinci, da mataimakinsa. Hakan ya yiwu ne saboda mutum na zama a tebur ɗaya, a lokaci ɗaya, mutum ɗaya na yi masa hidima duk mako. Da Norwegian ta kawo tsarin cin abinci a duk inda aka ga dama a shekarar 2000, sauran kuma suka bi sahu, sai ya zama babu takamaiman wanda za a miƙa wa ambulan, aka koma cirewa kai tsaye a tara a asusu ɗaya a raba. Yau kamfanonin da kansu suna cewa rabon ya haɗa da ma'aikatan da fasinja ba ya gani. A nan hujjar da aka fi ji ke faɗuwa, wai tukuici na sa ma'aikaci ya ƙara himma. Kuɗin da aka yanke adadinsa tun kafin jirgi ya tashi, aka raba shi har da mai wanki a can ƙasan jirgi wanda bai taɓa haɗa ido da baƙo ba, ba zai iya saka wa ƙwazon mutum ɗaya ba. Abin da ke riƙe da ingancin hidima shi ne takardar ra'ayi da ake turo wa fasinjoji bayan tafiya, inda ambaton sunan ma'aikaci ke taimaka masa wajen ƙarin girma da sabunta kwantiragi.

Su wane ne ma'aikatan? Mafi yawansu daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke, a kan kwantiragin wata shida zuwa tara, aiki kullum babu ranar hutu ta mako. Jiragen na ɗauke da tutar Bahamas ko Panama ko Malta ko Bermuda, ko da ofishin kamfani na Miami, don haka dokar mafi ƙarancin albashi ta Amurka ba ita ke iko da su ba. Abin da ke kare su shi ne yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, kuma ita kanta ta yarda da hutun awa 10 kacal a cikin 24, awa 77 a mako. Ma'aunin mafi ƙarancin albashin ƙwararren ma'aikacin jirgi da hukumar ƙwadago ta duniya ta amince da shi, na shekarar 2025, dala 673 ne a wata. Ga mai gyaran ɗaki da mai kawo abinci, rabon tukuici babban kaso ne na abin da yake aika wa gida. Kamfanonin kuwa ba talakawa ba ne. Carnival Corporation ta samu kuɗin shiga dala biliyan 25 a 2024, kusan kashi ɗaya cikin uku daga abin da fasinjoji suka kashe bayan sun shiga jirgi. Wannan ya bayyana dalilin arahar ɗakin ciki: a cika jirgi tukuna, a samu kuɗin a ciki. Kamar ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ya yi maka ragi a turmin atamfa, ka biya, sannan a bakin ƙofa ya ce abincin yaron shagonsa na yau a kanka yake.

Wata hujjar ita ce, in an zuba tukuici cikin tikiti farashi zai tashi, fasinja bai tsira da komai ba, ba cinya ba ƙafar baya. Ta fuskar jimillar kuɗi haka ne, kuma ba ragi nake nema wa kowa ba. Abin da zai canza biyu ne. Mai saye zai ga farashin gaskiya kafin ya biya, ya iya kwatanta kamfani da kamfani, ɗaki da ɗaki. Ma'aikaci kuma abincin iyalinsa zai daina rataya a kan halin baƙo. An gwada an gani. P&O Cruises ta Ingila ta soke kuɗin hidima na kullum a Mayun 2019, jiragenta kuma suna nan suna tafiya. A Ostareliya, inda jama'a ba su da al'adar tukuici, wasu daga cikin waɗannan kamfanonin na Amurka ba sa rubuta wa fasinja kuɗin kullum, yana cikin tikiti. Kamfanonin ƙoli irin su Regent da Silversea da Seabourn dama haka suke yi. Ashe abin mai yiwuwa ne, inda kasuwa ta tilasta. A Amurka babu wani daga cikin manyan kamfanonin gama-gari da ke son ya fara, domin farashinsa a shafin talla zai fi na maƙwabcinsa da fiye da dala 100 a mako. Lokacin da dokar jihar Kalifoniya ta fara aiki a 1 ga Yulin 2024, wadda ta wajabta nuna duk kuɗin dole a cikin farashin talla, kamfanonin sun shigar da haraji da kuɗin tasha, amma tukuici ya tsira a waje saboda a takarda zaɓi ne. Irin wannan matsala, da kowa ke jiran ɗan'uwansa ya fara, doka ce kawai ke warware ta, kuma ƙaramin gyara ne: duk kuɗin da ake rubuta wa fasinja ba tare da ya nema ba, a lissafa shi cikin na dole.

Wannan zaɓi na takarda shi ne ɓangaren da ya fi muni. A yawancin kamfanonin fasinja na iya zuwa teburin karɓar baƙi ya ce a rage ko a cire tukuicin, kuma a ranakun ƙarshe na tafiya akan ga masu yin hakan. Wasu na ganin wannan shi ne hanyar nuna wa kamfani fushi. Ban yarda ba. Kamfani ya riga ya karɓi kuɗin ɗakinsa tun makonni kafin tafiya, giɓin a asusun ma'aikata yake bayyana. Wasu kuma kan cire su ba mai gyaran ɗakinsu a hannu, su ce sun fi son su ga inda kuɗinsu ya je. Niyyar mai kyau ce, amma ta manta da mai wanke tukwane da mai goge zannuwa, waɗanda ba su da fuskar da baƙo zai ji tausayinta. Ga kuma wani ɓacin rai da tsarin ke haifarwa: baƙon da ya fito daga ƙasar da ba a san wannan al'ada ba, ya ga dala ɗari biyar a lissafinsa ranar sauka, sai ya ɗauka ma'aikatan ne suka cuce shi, alhali ba su suka yanke adadin ba.

Saboda haka, har zuwa ranar da doka ko kasuwa za ta gyara, wanda zai hau irin wannan jirgi ya ɗauki tukuici a matsayin ɓangaren kuɗin ɗaki tun yana gida. Ya ninka adadin kullum da yawan mutanensa da yawan dare, ya ɗora a kan farashin talla, sannan ya fara kwatanta. In ya yi haka zai tarar cewa tazarar da ke tsakanin ɗakin ciki da mai baranda, in an auna da jimillar kuɗin tafiya, ba ta kai yadda take a talla ba, kuma kamfanin da ya yi kamar ya fi tsada saboda ya haɗa komai na iya zama mafi sauƙi. Mai tafiya shi kaɗai ya tambayi ko akwai ɗakin mutum ɗaya, irin wanda Norwegian ta fara a jirgin Epic a 2010, domin a ɗakin gama-gari sau da yawa kuɗin mutum biyu zai biya, ko da yake tukuicin mutum ɗaya za a rubuta masa. Kusan duk kamfanonin suna ba da damar biyan tukuicin tare da tikiti kafin tafiya, kuma wanda ya yi hakan yakan biya a kan adadin ranar da ya biya, ko da an ƙara daga baya. Ga mai canjin naira ko sefa zuwa dala, wannan na rage masa fargabar tashin canji tsakanin ranar sayen tikiti da ranar sauka daga jirgi.